Abin da Ya Ci Wayar Esi

Ana sallame la'asar aka kira Sufeto Kamaruddeen. An tarar da gawar Malam Abdulkabir, sakataren ƙungiyar manoman wani ƙauye gabas da Ɗambatta, kwance a ofis, amai duk ya ɓata tabarma.

Kafin motar 'yan sanda ta iso, gari ya gama yanke hukunci. Asiya mai abinci ce ta kai masa shinkafa da wake da azahar, to shi ke nan, ita ta sa guba. Matasa har sun fara neman fetur. Sufeto ya tura ta cikin mota ya kulle, ya ce wa kofur ɗinsa ya tsare ƙofar.

"Wallahi ranka ya daɗe, tukunya ɗaya na zuba wa kowa," in ji ta. "Shekara shida yana cin abincina."

Sufeto dama mutum ne da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, balle yau da yake jin hayaniyar waje tana ƙaruwa. Ya san in magariba ta yi bai samo komai ba, kofur ɗaya ba zai tare mutanen nan ba.

Ofishin ɗaki ne ƙarami. Tagogi a rufe ruf, an cusa tsumma a kowace kafa don kar sanyi ya gudu. A bango esi ne, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da sola, ba ya hura komai, sai E1 da yake ta ƙiftawa. Alhaji Nababa, shugaban ƙungiyar, yana biye da shi yana jan carbi.

"Ɗakin da ke manne da wannan fa?"

"Sito ne, fayau yake. Tun da ɓarayi suka kwashe irin waken ƙungiya ban sake buɗe shi ba. Makullin ma ya ɓata."

"Esin kuma?"

"Sau biyu ana gyara shi cikin wata guda. Mai gyaran ne bai iya aiki ba."

Sau biyu a wata guda? Sufeto ya ce a kira masa mutumin nan take.

Zubair mai gyara ya iso a babur daga Ɗambatta, dattijo mai furfura. Da ya ji abin da aka ce a kansa sai ya yi tsaki ya hau kujera ya ɓalle murfin.

"E1 na nufin sansa ta daina magana, yallaɓai. Ga ta nan, ɗan tsinken nan. Ita ke jin zafin ɗaki ta gaya wa inji." Ya ɗora mita, allura ko motsi. Ya murza wayar da yatsa, sai ta marmashe, baƙa ƙirin. "Kai! Kwana tara da na sa ta sabuwa fil. Ɓera yankewa yake yi, ba ya baƙanta waya. Wani abu ne a iskar ɗakin nan ke cin jan ƙarfe."

"Ka taɓa ganin haka?"

"Sau ɗaya, a Dawanau. A siton da aka zuba wa wake ƙwayar kashe ƙwari, wadda ake ce wa bom."

Sufeto ɗan manomi ne, ya san ƙwayar nan, ya san hayaƙinta ba ya barin mai numfashi. Warin tafarnuwar da yake ji tun shigowarsa, ashe ba daga kwanon abinci yake ba.

"Kowa ya fita! A buɗe tagogi!"

Aka ɓalle kwaɗon sito, aka ja baya iska ta shiga. Buhunan waken da aka ce an sace ne jibge har rufi, tokar ƙwayar barbaje a tsakaninsu. Sama kuwa ga ramin da bututun esi ya bi ta bango zuwa ofis, hannu zai shige.

Sufeto ya juyo. "Alhaji, fayau ka ce?"

Carbin ya tsaya. Alhaji ya zauna daɓas a ƙasa.

"Jira nake wake ya yi tsada in fitar. Ƙwari suka shiga, na ji tsoron buɗe taga kar a gani, sai na ninka maganin."

"Marigayi bai yi ƙorafin komai ba?"

"Kwana uku yana ce min ƙirjinsa na ɗaurewa. Na ce masa zafi ne, ya rufe ƙofa ya kunna esi ya kwanta."

Sufeto ya sa wa Alhaji ankwa da hannunsa, ya ja shi zuwa mota.

Kofur ya buɗe, Asiya ta sauko da ƙyar. Matasan nan kowa ya sunkuyar da kai. Ita ko kallonsu ba ta yi ba, Alhaji ta tsura wa ido.

"Alhaji, da suke neman ashana, kana tsaye kana kallona fa."

Kofur ya danna wa Alhaji kai, ya shiga ya zauna inda ta tashi.