Garin Ɗan Lukuti

A shekarun da fara ta cinye gero, lokacin da kumandan Turawa ke zaune a barikin Gure, an yi wani mai sayar da gari ana ce masa Aisami. Gajere ne mai zaƙin baki, irin mutanen nan da in maƙwabci ya sayi raƙumi sai tuwo ya ƙi wuce musu. Ba rashi ne ya dame shi ba. Yana da rumbu, ga matarsa Yakura, ga mahaifiyarsa Hajja a gida. Hangen na wani ne ciwonsa.

Wata shekara ya bi ayarin gishirin manda zuwa Damagaram, ya leƙa wani kantin Turawa, ya ga gwangwanaye jere, kowanne da hoton jariri mai kumatu. Aka ce masa abincin jinjirai ne, matan ma'aikata ke saye. Da ya dawo sai ya haɗa nasa: surfaffen gero, gyaɗa da dabinon kwari. Ya ɗura a 'yan jakunkunan kaba, ya ɗaure da jan zare, ya raɗa masa suna Ɗan Lukuti. Tsakani da Allah garin ba shi da laifi. Amma kasuwa bakwai ya yi yana talla, ba wadda ta taya.

Wata mai goyo ta ce, "Malam Aisami, abin da Allah ya ɗora mana a ƙirji kyauta, shi za ka sayar mana a jaka?" Mata suka kwashe da dariya, shi kuwa dariyar nan ta tsaya masa a rai.

Gabas da gari akwai wani kwari da ruwansa ya ƙafe, goribarsa ta bushe a tsaye. Nan wani boka, Ɗan Talata, yake zaune, ba ya ganin kowa sai rana tsaka, lokacin da mutum ke taka inuwarsa. Da Aisami ya je, ya iske bukka ba ƙyaure. A tsakiyarta akwai gidan tururuwa mai faɗin tabarma, an kewaye shi da fasassun ludaya da tsofaffin majanai na goyo. Wurin yana warin nono da ya kwana. A gefe ga baƙar akuya, an ɗaure ɗanta nesa da ita yana ta kuka, muryarsa har ta dushe.

Boka bai amsa sallama ba. Ya ce, "Kasuwarka tana ƙirjin mata, ɗan nan. So kake in rufe ƙirjin?"

Aisami ya ce, "Ni dai a saya nake so, Baba."

"Duk ɗaya ne. Mai ƙoshi ba ya sayen tuwo."

Mutanen ƙasar suna da wata al'ada. In jinjiri ya cika kuka ko zawo, sai a tatsi nonon uwar a ludayi, a jefa tururuwa ciki. In ta fito da rai, nono lafiya. In ta mutu, an ce nono ya ɓaci, a cire yaro. Da wuya take mutuwa, shi ya sa ba a damu ba.

Ɗan Talata ya tatso akuyar, ya tsiyaya nonon a bakin ramin, yana wasu maganganu ƙasa-ƙasa. Jim kaɗan ƙasa ta yi baƙi. Tururuwa suka ɓullo, kowace da farar ƙwaya a baki, suka tara a gaban Aisami har ƙoƙo ya cika.

"Ka sa ƙwaya ɗaya a kowane turmin garinka. Daga yau duk tururuwar da aka jefa a nonon mace, za ta mutu dominka."

"Me zan kawo? Rago ko bijimi?"

"Tururuwa ba sa cin nama."

"To, ba na ba da kowa a gidana, Baba. Mu yi ta a fili."

Boka ya yi murmushi, bakinsa ba haƙori ko ɗaya. "Wa ya tambaye ka mutum? Su ƙwaya-ƙwaya suke ɗauka, daga cikin wanda ya ci. Sharaɗinka ɗaya ne. Ranar da bakinka ya ce wa wata mace nononta lafiya lau, ranar za su kwashe abin da suka tara maka."

Aisami ya ji "daga cikin wanda ya ci", bai tambayi ma'anarsa ba. Ba don bai gane akwai tambaya ba, sai don ba ya son amsar.

Ran kasuwa ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye sabon ludayi, ya ce duk mai goyo ta zo a gwada mata kyauta, ita ma ta kamo tururuwarta da hannunta. Ta farko ta tatsa, aka jefa tururuwa, ta miƙe ƙafa ta mutu. Ta biyu haka, ta goma haka. Kafin la'asar mata na kuka suna wawar jaka mai jan zare. Yaran da suka sha kunun kuwa, cikin mako biyu sun yi ɓul-ɓul, sun daina kuka. Aisami ya ɗauki maroƙi yana zaga gari da kalangu, yana yi wa garin kirari. Ya riƙa zaunar da mafi ƙibar jariri a kan tabarmarsa don kowa ya gani. Ungozomomi ya bi su da turmin atamfa, su kuma suka riƙa kai ludayi gidan kowace mai jego tun kafin suna. Raƙumansa suka kama hanyar Bune da Gidigir da Alakos. Mata ashirin ke daka a gidansa, ya gina soro, waɗanda suka yi masa dariya suna durƙusawa su gaishe shi.

Ana nan sai wata Bafillatana, Dija, ta zo daga Alakos da ɗanta a baya. Ta kwance shi ta miƙa masa.

"Ɗaga shi, mai gari."

Ya ɗaga. Yaro ƙato, fata na sheƙi, amma nauyinsa bai fi na busasshiyar ƙwarya ba. Idonsa a buɗe, ba ya bin kowa da kallo.

"Ina ɗana ya tafi? Jikin nan ba kowa a ciki."

Aisami ya ce mayu ne, ya ƙara mata jaka biyu kyauta. Yaron bai kai gida ba. Daga nan ƙananan kaburbura suka yawaita a Gure, mutane na cewa iska ce, wasu su ce haƙori ne. 'Yan biyun da ƙanwarsa ta zo wankan jego da su ma suka bi, a cikin gidansa. Shi kaɗai ya san dalili, kuma bai rage turmi ko ɗaya ba.

Sai Yakura ta haihu, bayan shekara tara tana jira. Namiji, aka sa masa Ibram. Bayan kwana uku Hajja ta shigo da ludayi, don yanzu ba gidan da ba a gwadawa. Tururuwa ta mutu. Yakura ta rungume ɗanta tana hawaye.

"Malam, ƙirjina cike yake, yaron nan yana sha yana barci. Kai ka san abin nan fiye da kowa. Da gaske nonona ya ɓaci?"

Kalma biyu ce, "lafiya lau", tsakanin Ibram da rai. Aisami ya dubi matarsa, ya tuna raƙuma talatin da ke ɗaure a ƙofa ana shirin lodi. Ya ce a ransa, ayari ɗaya kawai, in ya dawo sai in faɗa. A fili ya ce, "A ba shi nonon akuya tukuna."

Hajja ta tafa hannu. "Akuya? 'Ya'yan gari duka na shan garinka, naka na shan akuya? Me kake so a ce, Aisami?"

Abin da ta faɗa kuwa shi aka ce. Zance ya zaga kasuwa cewa mai gari ba ya ba ɗansa, ciniki ya ja baya. Ran kasuwa mata suka kewaye tabarmarsa, wata ta ce in garin na kirki ne su gani a bakin Ibram. Hajja, don kare mutuncin ɗanta, ta je ta ɗauko jaririn ta ɗora masa a cinya. Ina jin kunyar faɗin abin da ya biyo baya. Aisami ya dama kunun da hannunsa, ya hura, ya ɗura wa ɗansa a gaban jama'a yana murmushi. Ran nan ko jaka ɗaya ba ta kwana ba.

Ibram ya yi ƙiba, ya daina kuka. Kullum da safe Aisami ya ɗaga shi, kullum ya ji nauyinsa ya ragu. Ya koma kwari da gudu, ya tarar bukka ta rushe, sai ramin kawai. Yaron bai cika wata biyar ba. Wanda ya kai shi makwanci ya ce kamar likkafani kawai ya ɗauka. Yakura kuwa hankalinta ya tafi. Takan zauna bakin ramin tururuwa, rigarta jiƙe da nono, tana roƙonsu su sake gwadawa. Hajja ta kwanta da baƙin ciki, ba ta tashi ba.

Sai a lokacin bakinsa ya buɗe. Ya shiga kasuwa ba hula, yana tare masu goyo ɗaya bayan ɗaya. "Nononki lafiya lau, baiwar Allah. Ƙarya na yi muku. Ki ba ɗanki." Kafin ya koma gida ƙasa ta yi baƙi da tururuwa daga rumbunansa har bakin gari. Kwana uku suna jida, soron ma suka cinye gindinsa ya zauna. Raƙuma suka mutu a turke.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wadda ta yarda da shi. Suka ce mutuwar ɗa ce ta taɓa shi. Wasu 'yan kasuwa sun riga sun fara ɗaure nasu garin da jan zare, mata suka koma wajensu, da yawansu ma nonon ya ƙafe don an daɗe ba a sha ba. Haka ya ƙare, tsumma a jiki, yana bin mata da rantsuwa suna kauce masa.

Kai mai hangen na wani, ka ji tsoron Allah. Duk dukiyar da sai ka raba jinjiri da abincin da Ubangijinsa ya tanadar masa kafin ka same ta, ba arziki ba ce, wuta ce, kuma ba ta tsayawa a gidan maƙwabci. Aisami ya ce ba ya ba da kowa a gidansa, kuma ba wanda ya ƙwace masa. Da hannunsa ya ɗura.