Reshen da Ya Ƙi Haske

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Malama ta gama naɗa fitilu a jikin bishiyar Kirsimeti ta roba da ke kusurwar falo. Tun da safe maigidanta ya fito da kwalin daga sito, ya kakkaɓe ƙura, ya kafa rassan, ya koma kujerarsa yana cewa nasa aikin ya ƙare. Ita ta bi da wayar daga sama har ƙasa, a hankali, kamar yadda take yin komai. Ta cusa filogi a soket. Rabin sama ya kama, ja da kore da shuɗi. Rabin ƙasa ya tsaya cikin duhu.

"Ki bar shi haka mana," in ji maigidan. "Baƙi ai sama suke kallo."

"Haka kake wa motarka, shi ya sa kullum tana hannun bakanike."

Kimiyya take koyarwa a sakandare, waya ba ta ba ta tsoro. Ta san irin waɗannan fitilu a jere wuta ke ratsa su, idan ƙwai ɗaya ya mutu ko ya yi sako-sako, duk na bayansa sai su bi shi. Ta duba fis ɗin filogi, lafiya lau. Ta zauna a ƙasa ta shiga bin ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, wanda ta gwada ta ɗaura masa zare. Can ciki, a wani reshe da ke manne da gindin bishiyar, ta tarar da ƙwai guda an zaro shi daga gurbinsa. Ta danna shi. Falon ya haskake.

Washegari da magariba rabin ƙasa ya sake mutuwa. Ƙwan jiya ne, na reshen nan na ciki, an sake zaro shi. Ta mayar. Da aka sake maimaitawa kashegari sai ranta ya ɓaci, domin ƙwai ba ya fita daga gurbi da ƙafarsa. A gidan kuwa mutum ɗaya ne ke kwanciya kusa da bishiyar yana aikin makaranta: Auta, 'yarsu da ta fara tasawa.

"Auta, me na yi miki?"

"Mama, ban taɓa ba."

"To ubanki ne ke rarrafe ya cire? Ina dawowa daga fama da 'ya'yan wasu, in zo in tarar da tawa tana mini wasan banza?"

Yarinyar ta fara hawaye. Hawayen suka ƙara tunzura Malama. Ta ɗauko salatif daga durowa, ta ja 'yar da hannu har gindin bishiyar.

"Tunda hannunki ya san hanya, sa shi ki riƙe mini ƙwan. Yau zan ga mai cirewa."

Auta ta zura hannu cikin rassan. "Mama, wurin da sanyi kamar ƙanƙara."

"Riƙe!"

Ta naɗe ƙwan da gurbinsa tamau, ta yanke salatif ɗin da haƙori. Fitilun suka kama duka. A waje duhu ya gama sauka, unguwar ta yi tsit, ko kukan yaro babu.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan rufi. Wata ta biyo. Maigidan ya leƙa ta taga yana zagin yaran maƙwabta, bai ga kowa ba. Kafin ya juyo, jifar ta dawo cikin falo: ƙananan ƙwayayen da Malama ta ajiye a gwangwani suna tashi ɗaya-ɗaya suna fashewa a bango. Daga ƙarƙashin bishiyar wata murya ta fara gunaguni, kamar tsohon da aka tasa daga barci.

Auta ba ta zare hannunta daga rassan ba. Da ta ɗago, idanunta sun kafe, bakinta ya karkace.

"Kashe," ta ce. Muryar ba tata ba ce.

Malama ta fizge filogin. Fitilun suka ci gaba da ci.

Malama da maigidan suka durƙusa suka yi addu'a iyakar abin da suka sani. Abin ya lafa, yarinyar ta yi lamo, sannan ta miƙe ta ɗaga teburin falo da hannu ɗaya ta jefar. A nan Malama ta ɗauki waya ta kira malamin Larabci na makarantarsu, wanda teburinsa ke kusa da nata a ɗakin malamai. Ta sha jin ana cewa yana yi wa masu irin wannan lalura karatu, ba ta taɓa tambayarsa ba. Layi biyu ne tsakanin gidajensu.

Ya shigo da sallama, ya cire takalmi, ya dubi bishiyar ya dubi yarinyar. Ya zauna a ƙasa ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Auta ta toshe kunnuwa tana birgima. Can ta zauna ta harɗe ƙafafu irin zaman dattawa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza. Ni aka zalunta."

"Wane ne kai?"

"Tambayi mai motar can."

Maigidan ya matsa bayan kujera.

"Itacen da ke tsakar gidan nan, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba nake kansa. Bana ya kawo masu zarto suka kayar, wai motarsa ba ta da wurin kwana. Na yi magana? Ban yi ba. Na shiga sito na samu wannan abin a kwali. Ba inuwa, ba ƙamshi, ko tsuntsu ba ya yarda da shi. Na ce a haka ma na gode. Sai ga shi an jawo ni tsakiyar falo an cinna mini wuta kala-kala a ido. Duk da haka ƙwai ɗaya tak nake cirewa. Sama nasu, ƙasa nawa. Wannan matar ta ɗaure shi."

"Sai ka kama yarinya?" in ji Malam. "Ita ta sare maka itace?"

"Uwarta ce ta miƙo mini hannunta. An raba ni da gida biyu, na samu na uku. Nan da ɗumi. Ba inda za ni."

Malama ba ta san lokacin da ta kai kan aljanin ba. Ta cafki kafaɗun ta shiga jijjigawa.

"Fita daga jikin 'yata! Matsoraci! Ga wanda ya sare itacen, ga ni da na ɗaure ƙwan, duk ka tsallake mu ka faɗa wa yarinya? Da kana da bakin magana me ya hana ka magana tun ran farko? Sai ka bari na yi ta zargin baiwar Allah!"

"Malama," in ji Malam, "jikin 'yarki kike jijjigawa."

Ta saki, tana huci. Ta kama wuyan hannun Auta ta riƙe.

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Yarinyar ta yi ƙara har gilashin taga ya amsa. Ya tsaya.

"An ɓata maka, na ji. Amma abin da ka yi ya fi wanda aka yi maka muni, kai ma ka sani. Faɗi abin da zai raba ka da ita. In ka ƙi, ni ba na gajiya da karatu."

Muryar tsohon ta sassauta.

"A ba ni bishiyar. A kafa ta a kan kututturen itacena, ba fitila ko ɗaya, har abada. Mai motar zai ɗauka, a ka."

"To motar fa?" in ji maigidan.

Malama ta juyo ta dube shi. "Ta kwana a titi. Kai ma in ka ƙara magana ka bi ta."

Ta koma kan aljanin. "Ka fita tukuna."

"Bishiya tukuna. Na ga alkawarin gidan nan."

Malam ya raba gardamar. Ya sa aljanin ya rantse da wanda ya halicce shi cewa da zarar bishiyar ta tsallake ƙofa zai fita, kuma ba zai sake kusantar kowa a gidan ba. Malama ta warware wayar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da 'yarta. Duk reshen da ta cire wa waya sai fitilunsa su mutu, har falon ya koma duhu, sai hasken titi da ke shigowa ta taga. Maigidan ya ɗora bishiyar a ka, rassan roba suna tsokale masa ido, ya nufi ƙofa yana tangaɗi.

Yana tsallakewa Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, ta sulale a jikin uwarta.

"Auta."

Malama ta tallabo kan yarinyar.

"Auta! Malam, ba ta motsi!"

"Ki kira ta a hankali. Ta ji ihu ya ishe ta."

Malama ta ƙara rungumo ta. Ta sunkuya ta sa baki a kunnen yarinyar ta kira ta da muryar da rabonta da ita tun tana goyo. Idanun suka buɗe a hankali, suka yi yawo a falon, suka tsaya a fuskarta.

"Mama, kina murƙushe mini hannu."

Malama ta ɗan sassauta. Ba ta saki ba.