Na'urar da Aka Koya wa Wasa

Fitilar Raba-Gardama ta yi ja a rufin ɗakin tace ruwa. Wani ma'aikaci ne ya ce wa abokin aikinsa sakarai, kafin ya rufe baki na'urar ta kira sunansa, ta sa shi ya ba da haƙuri, ta raba musu wurin aiki. Haka take yi a masana'antar tatsar ruwa daga iska ta Birnin Inuwa, garin da aka yi wa rufin gilashi tun da rana ta fi ƙarfin ɗan Adam. Tana da kunne a kowane bango, ita ke tsara wanda zai yi aiki da wa, kuma idan ta yanke hukunci babu mai tayarwa.

Hansatu, mai kula da babban injin, ta dubi jar fitilar kamar mai yunwa da tukunyar maƙwabta. Fitilar ba ta taɓa yin ja dominta ba.

"Baiwata, yau ma kin zo da wannan ƙwaƙwalwar kifin?" in ji Ɗalhatu, abokin aikinta, da ƙarfi don kowa ya ji. Aka yi dariya. Fitila ta zauna koriya shar.

Ga inda matsalar take. Da aka fara kafa na'urar, ta yi ta hukunta taubasai da jikoki da kakanni a kan tsokanar da suka gada, har mutane suka yi ca. Sai injiniyoyi suka zauna suka koya mata abokan wasa kaf: ɗan mace da ɗan namiji, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Duk abin da ya fito daga bakin ɗayansu zuwa ga ɗaya, wasa ne. To, Hansatu Bakanuwa ce, Ɗalhatu Bazazzagi. Tun ranar da aka ba ta injin da ya ci burin samu ya gano wannan ƙofa, ya shige da ƙafar dama. Ya murɗe mata famfo ya ce ita ta manta, ya zage ta tas a gaban ƙananan ma'aikata, sannan ya washe baki. Wasan gaskiya kowa ya sani, da an ga fuska ta canza ake bari. Nasa kuwa daga nan yake farawa.

Barin aiki ba zancen yi ba ne. Ɗakin da take ciki da mahaifiyarta na masana'anta ne, a wajen rufin gilashi kuma babu mai kai azahar da rai. Ta tsani hanyar aikin da a da take ƙauna.

Ta je wurin Injiniya Badamasi, wanda ya ƙera na'urar.

"Ranka ya daɗe, a raba ni da Malam Ɗalhatu. Wallahi ba wasa yake min ba."

"Haba Hansatu, Bakanuwa guda ki ce Bazazzagi ya fi ƙarfinki? Ki rama mana."

"To a cire ni daga cikin Kanawa."

Ya yi dariya har da share hawaye. "Ana canza asali ne? Ki yi haƙuri. Baƙi na tafe daga wasu birane su ga na'urar, ba zan taɓa ta yanzu ba."

Ranar da baƙin suka zo, Ɗalhatu ya ga taro, bakinsa ya yi ƙaiƙayi. Ya nuna ta ya ce ga wadda tsohuwarta ta kasa tarbiyyantarwa. Nan haƙurin Hansatu ya ƙare. Ta miƙe tsaye.

"Malam Ɗalhatu, ka hana ni barci, ka hana ni cin abinci, yau ka kai ga uwata. Allah ya isa tsakanina da kai."

Babu ɗan Hausa a wurin da bai san wasa ya ƙare ba, har shi Ɗalhatun sai da ya sunkuyar da kai.

Sai na'urar ta yi magana da tattausar muryarta. Ta ce yau wasan waɗannan biyu ya cika, tunda kowa na mayar wa kowa, kuma babu ma'aikatan da suka kai su jituwa. Don haka ta zaɓe su zuwa Hasumiyar Gajimare, tashar da ke can saman rufin birni, inda ake kulle mutum biyu kacal su yi rani guda ba sauka.

Ɗalhatu ya zabura ya tsaya ƙarƙashin fitilar. "Ke, ki saurara. Ban taɓa yi mata wasa ba. Hassada ce, cin zali ne, na amsa. Ki hukunta ni."

Na'urar ta yaba wa barkwancinsa, ta buɗe musu ƙofar lifta.

Hansatu ta juya ta dubi Injiniya Badamasi. Ya gane, ta ga alamar haka a idonsa. Amma baƙin da suka zo sayen zaman lafiya sun riga sun fara tafi. Ya kau da kai, shi ma ya shiga tafawa.