Mai Lalata Kwamfutar Marigayi

Ku matso nan, ku duka. Babba, kife wayar nan. Ke ma 'yar tsakiya, ajiye jakar, ba yanzu za ki tafi ba. Labarin wata tsohuwa da autarta zan ba ku. Kun san su sarai, amma ku yi mini shiru har in kai aya.

Tsohuwar nan tana zaune a gida mai ɗakuna da yawa, su biyu rak a ciki. Mijinta ya rasu, manyan 'ya'ya sun watse, kowa da aikinsa da iyalinsa, sai gaisuwa ta waya. A ɗakin ƙurya marigayi ya bar kwamfutarsa, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, Auta ce ta gaje ta. Da ita take buga wa mutane takardu. Su turo ta waya, ta mayar musu ta waya, ba ta ganin fuskar kowa. Tun hantsi take toshe kunnuwa da igiyar sauraro. Uwa tana falo da carbi, 'ya tana ƙurya da allon kwamfuta. Abinci kaɗai ke haɗa su, shi ma kowa da kwanonsa.

Wata yamma, rana ta yi ja a jikin labule, tsohuwa tana ninke kaya, sai ta ji gurnanin fankar kwamfutar ya ɗauke. Shirun da ya biyo baya mai nauyi ne, har kunnenta ya yi kuka. Ta leƙa. Allon ya koma shuɗi, da ƙananan rubutu fari. Auta ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna. Kwamfuta ta ce fayilolin da take tashi da su sun lalace.

Washegari aka kira mai gyara, mutum mai surutu, wanda ko da ƙusa yake hira. Ya durƙusa ya gaida tsohuwa, ya buɗe akwatin, ƙura ta tashi.

"Mama, wannan ai sa'arki ce. Da me kuke ciyar da ita, ƙasa?"

"Sa'ar uwarka ce. Gyara za ka yi ko wa'azi?"

Auta ta yi dariya. Tsohuwa ta juya ta dube ta, don ta manta yadda dariyar yarinyar take. Mai gyara ya sa kwamfuta ta binciki kanta, ta maye gurbin fayilolin da suka lalace, ta tashi garau. Ya sha ruwa, ya yi sallama. Gida ya koma yadda yake.

Ba a yi nisa ba, wata yamma, allo ya sake yin shuɗi. Fayilolin nan dai, su ɗin dai. Mai gyara ya ce ƙwayar cuta ce, ya wanke kwamfutar tas, ya zuba mata sabuwar manhaja. Ta sake. Ya ce faifan ajiya ne ya tsufa, ya canza. Ta sake. Ya zare ƙwaƙwalwarta ya gwada ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Ya kawo na'urar daidaita wuta. Ta sake, kuma kullum daf da magariba.

"Mama," ya ce, wannan karon ba wasa a bakinsa, "fayil ba ya lalacewa haka kawai. Kamar ana yanke mata wuta ne tana tsakiyar rubutu. Wa ke taɓa wayar wuta a bango?"

"Mu biyu ne a gidan nan."

Sai ya ce zai tafi da kwamfutar shago ya sa mata ido. Ya ɗauke ta. A shago ta yi aiki kamar sabuwa.

A gida kuwa, ranar da ɗakin ƙurya ya zama wayam, ranar aka fara jifa. Duhu bai gama sauka ba, tsakuwa ta faɗo kan rufi, ta gangara a hankali har bakin kwano. Wata ta biyo. Tsohuwa ta fita ta zagaya gida, ba yaro, ba kare, ba iska. Da ta dawo ta ji ana danna maɓallai a ƙurya, ɗaya-ɗaya, da jinkiri, yadda marigayi yake yi da yatsa guda. Tebur kuwa ba komai a kansa sai zanen ƙura inda allo yake dā.

Auta ta daina cin abinci. Ta koma zama a kujerar ubanta, tana kallon bango. Wata magariba uwar ta tsaya a bakin ƙofa ta kira ta. Yarinya ta juyo, idanunta a kafe, ta yi magana da wata murya ta tsohuwa tukuf, busasshiya.

"Ina kuka kai ta? Ku dawo da ita."

Tsohuwar nan ba mai kuka ba ce. Ta ja ƙofa, ta yafa mayafi, ta tafi da ƙafarta wurin wani malami, dattijo marar yawan magana, wanda aka sani da wannan aiki.

Ya zo da la'asar sakaliya, ya zauna a ƙasa, ya fara karatu. Haske yana janyewa daga tagar kaɗan-kaɗan. Auta ta yi ta karkarwa, ta ƙanƙame hannun kujera, can ta saki wani nishi.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwar bayan kabad. Na riga tubalin gidan nan zuwa."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ai shi ne laifin." Muryar ta ja numfashi. "Nawa duk sun tashi, sun bar ni. Maigidan nan ne ya riƙe ni, bai ma sani ba. In ya shigo ɗaki ba kowa, sai ya yi sallama. In yana rubutu, kowace kalma sai ya karanta da ƙarfi. Ya zagi na'urar, ya lallashe ta, ya ba ta labarin 'ya'yansa. In zai kashe ta, ya ce mata sai da safe. Ni nake amsawa. Da ya tafi, wannan ta zauna a wurinsa da kunne a toshe. Ba sallama, ba tari."

"Shi ya sa kike lalata musu kaya?"

"Na farko kuskure ne, na gifta ta bayan tebur na taɓa wayar wuta. Sai ga mai surutun nan ya zo. Aka yi magana a ɗakin nan, aka yi dariya. To me zai hana in sake? Da suka ɗauke ta, na shiga yarinyar. Malam, cikinta cike yake da magana, ba ta da wanda za ta gaya wa."

Uwar tana tsaye jikin bango, tana jin komai.

"Za ki fita," in ji malam.

"A dawo da na'urar in zauna a cikinta."

"A'a."

"To a bar mini kujerar."

"Ba ki da gado a gidan nan. Ki fita, ko in ci gaba."

Ya gyara zama zai ci gaba da karatu. Da muryar ta dawo, ta ƙanƙance.

"To a yi mini hira. Ta yamma ɗaya. Matar gidan ta zauna ta yi mini, in tafi da ita a kunnena."

Malam ya dubi tsohuwa. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna gaban 'yarta. Bakinta ya yi nauyi, don faɗa ta iya, ba hira ba. Ta fara da ranar da marigayi ya kawo kwamfutar, ya kwana biyu yana neman inda ake kunna ta, girman kai ya hana shi tambaya. Ta ba da labarin ranar da aka haifi Auta, yadda ya riƙe ta kamar kwanon da aka cika da ruwa. Tana magana, ana kallonta da idon 'yarta, ba ta san wacce ke saurare ba. Har duhu ya cika ɗakin, ba wanda ya tashi kunna fitila.

"Na gode," muryar ta ce. "Na tafi, ba zan dawo ba. Amma ki sani, ba ni kaɗai ke neman ɗaki shiru ba, kuma ba duka ne masu tambaya kafin su ɗauka ba. Sai da safe."

Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Umma, ci gaba mana." Da muryarta.

An dawo da kwamfuta. Har yau allonta bai sake yin shuɗi ba. Mai gyara yana can yana bugun ƙirji wai soket ɗin bango ya canza musu, an bar shi da abinsa.

To, kun ji. Tsohuwar nan tana shiga ƙurya kowace yamma ta yi sallama ta zauna, amma labaranta sun kusa ƙarewa, numfashinta ma ba na dā ba ne. Ranar da ta yi shiru gaba ɗaya, ƙanwarku ce za ta rage a ɗakin nan ita kaɗai. Ba na son a turo mini sabuwar kwamfuta, Babba, na ga bakinka yana motsi. Ko ɗayanku ya dawo gidan nan da yaransa su cika shi da ihu, ko ku kwashe mu mu biyu ku rufe ƙofar. Ga ku ga juna. Ku yanke kafin rana ta faɗi, ni zan shiga wurin Auta.