Gunkin da Ya Riga Gawa

Ranar Alhamis da hantsi aka kira Sufeto Hunkpe zuwa gidan tagwaye, bayan kasuwar Bohikon. An tarar da Zinsu, mai matsar manja, rataye a rumfarsa.

Kafin motar 'yan sanda ta iso, matan unguwa sun gama shari'a: matarsa Afiyavi ce ta ƙona masa rai. Wanda ya rataye kansa ba a yi masa biki, matarsa kuma korarta ake yi.

"Kun yi faɗa?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ko kusa, Shef," ta ce, yadda ake kiran babban ɗan sanda a nan.

Ƙarya! Har kajin maƙwabta sun ji su jiya, a kan gishirin miya.

Sagbo, ɗan tagwayen mamacin, tuzuru, ya fi kowa kuka.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun Litinin, Shef. Ina Kwatano, yanzu na sauka. In dangi sun kore ta kuma, ina da ɗaki."

Sufeto ya dube shi. Ba wanda ya tambaye shi ɗaki.

A ɗakin gawa, Dakta Akosiwa, 'yar guntuwar mata mai baki kamar reza, ta yaye zane.

"Matso, Sufeto, ba ya cizo. Shaidar igiya nawa ka gani?"

"Biyu."

"Madalla, ba a yi asarar kuɗin makarantarka ba. Wannan da ta haura bayan kunne ta rataya ce, ba ɗigon jini a ƙarƙashinta. Gawa aka rataye. Ta ƙasan nan kuwa ta zagaye wuya a miƙe, jini ya kwanta. Ta baya aka shaƙe shi. Ga jajayen ɗigo a idonsa, ga yakushin da ya yi wa kansa yana neman cire igiya."

"Mace za ta iya?"

"Ta ɗaga wannan ƙaton har bisa azara? Sai dai in giwa ya aura."

Washegari Sufeto ya koma gidan. Ya iske Sagbo zaune da ɗan gunkin itace a cinya, yana shafa masa wake da manja a baki. Ba wanda ya yi mamaki. A wurinmu nan Bohikon, ɗan tagwaye ba ya mutuwa, daji ya tafi itace. Sai a sassaƙa gunki a madadinsa, wanda ya rage ya riƙa ciyar da shi, in ba haka ba wancan ya dawo ya ja shi.

Amma gunkin nan sumul yake, har da 'yar riga ɗinkakkiya.

Sufeto ya wuce wurin tsoho Ajanohun masassaƙi.

"Baba, kwana nawa aikin nan ke ci?"

"Ƙosai ka ga ina soyawa? Kwana biyar, in rana ta yi kirki."

"Na Sagbo fa?"

"Asabar ya zo, ranar kasuwa. Har gaisuwar ta'aziyya na yi masa, bawan Allah."

A ofis, Sufeto ya dire gunkin a kan tebur, a gaban Sagbo.

"Ranar Asabar Zinsu yana kasuwa yana sayar da manja. Wa ya gaya maka zai tafi daji?"

"Mafarki na yi."

"Mafarkin ne ya ɗaga shi bisa azara?"

Sagbo ya kalli gunkin.

"Ni na fara ganinta, Shef. Ni na saya mata ɗan kunne. Fuskarmu ɗaya, muryarmu ɗaya, uwarmu ma sai ta duba tabo. To me ta gani a jikinsa? Shekara bakwai ina jin dariyarsu ta bango! Na ce in an kore ta, ba ta da kowa sai ni."

"Gunkin fa?"

"Na san halinsa. Ko kwana ɗaya ba zai bar ni ba."

Aka sa masa ankwa. A bakin mota ya ga Afiyavi tsaye, dangin mijin na bayanta, kowa kai a ƙasa, har da masu dogon bakin nan na ranar Alhamis.

"Shef, ba ni gunkin in tafi da shi!" in ji Sagbo.

"Shaida ce. Sai an gama kotu."

"To wa zai ba shi abinci? Zai zo mini!"

Afiyavi ta gyara ɗaurin zaninta.

"Ni na saba dafa masa," ta ce. "Amma ba zan roƙe shi ya ƙyale ka ba."