Tokar Katin Badaru

Ranar Juma'a da la'asar aka tarar da wani akwatin ƙarfe a ɓalle cikin rumfar injin niƙa dutse, a wani sansanin masu haƙar zinare bayan Tungar Daji. Ba zinare ne a ciki ba. Katunan shaida ne na leburori tara 'yan Nijar, kuma ko guda ba a bari ba.

Sufeto Haladu ya iso daga Anka ranar Asabar da hantsi, ransa a ɓace tun bai sauka daga babur ba. Ya san irin wannan ƙara sarai, ta mutanen da ba su da kowa.

Wanda ya kai ƙarar shi ne Almustapha, ɗan kamashon da ya kwaso leburorin daga tasha. Fes da shi cikin farar shadda, da ganin hannunsa ka san bai taɓa riƙe diga ba.

"Me ya kai katin mutane akwatinka?" in ji Haladu.

"Yallaɓai, ai ƙa'ida ce. Baƙo in ya zo neman aiki, dole in tambaye shi takarda."

"Ka tambaya, ka duba, ba laifi. Wa ya ce ka riƙe?"

"Adana musu nake." Ya nuna wani dogon mutum da ke tsugune a inuwa. "Ga wanda za ka tuhuma can. Shekaranjiya har wuyan riga ya ci mini."

Sunan mutumin Badaru, daga Dogon Dutsi. Bai yi musu ba.

"Awo, na ci wuyan rigarshi. Innata na kwance kwana tara. An yo waya an ce in ina son in iske ta da rai, in taso. Na ce ya ban katina, ya ce sai bayan damina. Yallaɓai, in babu kati, shingen jami'ai na farko za a sauke ni."

"Sai ka ɓalle akwati."

"Da ni na ɓalle, mi nika yi nan har yau?"

Haladu ya koma kan Ishaq mai gadi, shi kuma mutum fiye da ashirin suka shaida tare suka tafi masallacin Juma'a, tare suka dawo. Sansanin kaf ya watse a lokacin.

Sai Haladu ya tsuguna gaban akwatin. Kwaɗon na yashe a ƙasa, a buɗe, ko ƙwarzane babu. Saran guduma kuwa a leɓen murfin yake, ta ciki, inda guduma ba ta isa sai murfi na buɗe. Kai, wannan ɓarawo da ladabi yake, ya buɗe da makulli sannan ya fasa!

Yana nan tsugune wata tsohuwa mai sayar da tuwo, Habsu, ta yafito shi.

"Ɗana, taho ka gani."

A wannan sana'a ba a zubar da komai. Murhun da ake ƙona zaiba a fitar da zinare, tokarsa ma wankewa ake, ko a dace da ɗan abin da ya zube. Ita aka bar wa tokar, sadaka. Ta karkata tasar wankinta. A gindin ruwan ga wasu 'yan ƙusoshi da ake manne hoto da su a jikin kati, sun yi baƙi ƙirin, ga kuma guntun hoto, kunnen mutum da gefen hula.

"Ba a hura murhun nan ran Juma'a," in ji ta. "Amma jiya da na zo kwasa, toka da ɗumi."

Haladu ya ɗauki tasar ya dire ta gaban Almustapha.

"Makullin kwaɗon nan nawa ne?"

"Ɗaya."

"Yana ina?"

Almustapha ya taɓa aljihu, sai kuma ya janye hannu.

"Badaru ba zai ƙona katin da yake kuka a kansa ba," in ji Haladu. "Kuma duk wanda ya taɓa kwana biyu yana aikin zinare ya san ana wanke tokar murhun nan. Da lebura ne, da rami ya jefa su, ramuka ga su nan birjik. Mutum guda ne a sansanin nan ya ɗauka toka shara ce. Kai ne."

Da Almustapha ya buɗe baki, ba kunya ba tsoron Allah, cewa ya yi ya riga ya yi wa mai sansani alkawarin mutum tara har kaka. Da Badaru ya karɓi nasa, sauran takwas ma za su ce noma na kiransu gida.

"Ni ma iyali gare ni, yallaɓai."

Haladu ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. Ya daure, ya sa masa ankwa.

Kama mai laifi bai maido da kati ba. A ofis, ranar Litinin, Haladu ya rubuta wa Badaru takardar shaidar cewa an ƙona masa kati, ya buga hatimi. Kafin tawada ta bushe, mai sansani ya zo ya yi belin Almustapha, suka wuce ta gaban bencin da Badaru ke zaune.

Badaru ya juya takardar a hannu. Bai iya karatun boko ba.

"Yallaɓai, wagga za ta kai ni gida?"

Haladu ya so ya yi masa ƙarya, ya kasa. "Za ta kai ka Gummi. Gaba da nan, ban sani ba."

Wayar da ke aljihun Badaru ta yi ƙara. Ya kara a kunne, ya saurara, ya ce innalillahi. Sannan ya miƙe, ya ajiye takardar a kan teburin da hannu biyu.

"Na gode, yallaɓai. An rufe Inna tun da hantsi. Ka ba wani."