Bencin Ranar Laraba

An ɗage auren Malama saura kwana goma sha ɗaya. Ba a ce an fasa ba, cewa aka yi "sai an ga hali." Saƙon ya iso gidansu ranar Alhamis da hantsi, ta bakin gwaggon ango, wadda ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa.

Benci ne ya jawo. A asibitin mata da ke bayan makarantar da Malama take koyarwa, likita ɗaya ce ke duba masu ciwon mara da masu neman haihuwa, duk ranar Laraba, kuma a dogon benci ɗaya suke jira. Gwaggon ta raka maƙwabciyarta, sai ta hango amaryar ɗansu a tsakiyarsu da kati a hannu.

"Yarinyar da ba ta shiga ɗaki ba tana bin layin neman haihuwa? Ai ta san abin da take ɓoyewa," in ji ta.

Shekara tara Malama tana fama da ciwon. Duk wata, in al'adarta ta zo, kwana biyu take yi a ƙudundune a ƙasan ɗaki, da kwalbar ruwan zafi a mara, tana amai. A rajistar malamai "zazzaɓi" take rubutawa.

Gwaggo na fita Umma ta juyo.

"Ba na ce ki bari sai bayan biki ba? Kowace mace na yi, in kin yi aure zai tafi. Laraba mai zuwa ba inda za ki."

"Ranar ce sakamakon hoton marar da aka yi min zai fito, Umma."

"Ya fito ya jira ki."

Da la'asar angon ya zo. Gyaran janareto yake yi, kowa Injiniya yake ce masa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko canza kayan aiki ba.

"Malamata... me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In ce me? Ko Umma ba ta son jin sunansa."

"Ni fa na ɗauka duk wata fushi kike yi da ni. Kwana biyu ba kya ɗaga waya, in zauna in yi ta laluben laifina, in rasa."

Ta yi murmushi, bai daɗe a fuskarta ba.

"To ciwon... yana hana haihuwa?"

"Likita ta ce wasu yana hana su, wasu ba ya hanawa. Sai ta ga hoton."

"Su Gwaggo sun ce in ba ki koma ba, magana ta wuce. Za a ce rakiya kika yi."

"Kai fa, me ka ce?"

Ya dubi baƙin man da ke faratansa.

"Ni ke nake so, wallahi ke kaɗai. Amma kin san ni kaɗai ne wurin Inna..."

"Na sani. Ni ma in ciwon ya zo ni kaɗai ce a ɗakin nan. Zan koma, ƙarfe tara. In za ka zo, bencin dogo ne."

"Maza na zama a wurin?"

"Ban taɓa gani ba."

"Zan duba," ya ce.

Ranar Laraba ta biya makaranta tukuna. A rajista ta rubuta "ciwon mara, asibiti," ta sa hannu. Umma ba ta amsa sallamarta ba da za ta fito.

An ba ta lamba goma sha bakwai. Ta zauna a ƙarshen benci, inda ake ganin ƙofa, ta ajiye jakarta a gefenta. Wata mata mai kati irin nata ta tsaya a kanta.

"'Yar'uwa, akwai mai wurin nan?"

"Akwai."

Matar ta wuce ta tsaya jikin bango.

Ƙarfe goma da kwata aka kira lamba goma sha shida. Jakar tana nan inda ta ajiye ta.